Maƙogwaron Baban Nazir

Assalamu alaikum, mutanen wannan shafi. Na ga saƙonninku. Masu cewa in rabu da Nazir in kama wani, na gode, sai dai ba ku haɗo da wanin ba. Masu cewa in ajiye aiki, ku ma na gode, amma Inna ta riga ku. Wanda kuma yau ya shigo ya tarar da mu a tsakiya, ga inda aka tsaya: sunana Wasila, anfirmiya ce ni, wato ma'aikaciyar jinya, a sashen masu ciwon huhu na wani asibiti a nan Damagaram. Nazir malamin lakwal ne, makarantar boko, a Takieta. Muna son juna, kowa ya amince, in ban da mahaifinsa.

Sunayen da kuke gani duk na aro ne, amma shi ko na aron da na ba shi hannuna ba ya son rubutawa. Kun san yadda abin yake, mace ba ta kama sunan uban wanda za ta aura. A gidanmu ko a rediyo aka ambaci mai irin sunan, Inna juyowa take ta ga ko na sunkuyar da kai. Don haka Alhaji za mu ce. Baduku ne a unguwar Birni, dogon tsoho mara yawan magana, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan jakunkuna da takalma da matasan fata. Bai san fuskata ba, kuma bai taɓa cewa ba ya so na ba. Abin da ya ce, kamar yadda ƙanwarsa Gwaggo Zuliha ta kawo mana har gida ba tare da an aike ta ba, shi ne:

“Macen da ta saba ce wa maza ku kwanta, ku tashi, ku buɗe baki, wace kunya ta rage mata da za ta kai gidan miji?”

Daga nan bai ƙara ba, bai kuma turo kowa neman aure ba.

Tun ranar Inna ta buɗe mini makarantar kunya. Ta sa aka ɗinka mini hijabi ruwan toka mai sharar ƙasa, ta hana ni jan lalle mai zane, ta ce ja kawai a tafin hannu. Ta koya mini wata murya wadda ni kaina sai na kasa kunne nake jin ta.

“In Allah ya haɗa ki da shi, ko a tsakiyar Kasuwar Dole ne, ki durƙusa. Idonki a ƙasa. Abin da ya ce, to. Kin ji ni?”

“Na ji, Inna.”

“Kin gani? Har yanzu da ƙarfi kike ji.”

To, ranar Talata muke yin fibro a sashenmu. Wani siririn tiyo ne mai fitila da ido a baki. Doktor Abdulaziz yake zura shi ta hancin mutum, ya gangara maƙogwaro har cikin huhu, muna kallo a allo. Mutum ido biyu ake yi masa. Maƙogwaronsa kaɗai ake sa wa barci, kuma aikina ke nan. Kun san ko ɗigon ruwa ya kauce hanya sai mutum ya yi tari har hawaye, balle tiyo. Ni nake bin hanyar da magani, lidokayin sunansa, ina kashe ta gaɓa gaɓa kafin tiyon ya iso. In na yi kaɗan mutum ya sha wuya, in na yi yawa maganin ya hau masa kai. Ina son aikin nan, ba zan ɓoye muku ba, kuma na iya shi.

Da safe ina ɗaura kallabi saƙon Nazir ya shigo.

“Bonjur gimbiya. Baba zai je likita yau shi da Gwaggo, wai za a sake duba radiyo, hoton ƙirjinsa, saboda tarin nan. In kin hango su ki canja hanya.” Ya haɗa da fuskar nan mai hawayen dariya.

Na rubuta, “Ko inuwata ba za su gani ba.”

Ina isa sarbis, wato sashenmu, abokiyar aikina Rahama ta miƙo mini takardun masu fibro. Na dubi ta sama. Na sake duba ta. Na juya bayanta ko akwai wani bayani, babu.

“Rahama, yau ke za ki yi maganin.”

“Ni? Wata nawa na yi a nan? Ban taɓa tura shi ta cikin tiyo ba, Doktor ma ba zai yarda ba. Lafiya?”

“Baban Nazir ne.”

Ta toshe baki da hannu. Na ɗauka tausayi ne, ashe dariya take dannewa.

“To ki taimake ni ko da kiran sunan ne,” na ce.

Kafin ta amsa, majo, shugaban masu jinya na sashen, ya ƙwala mata kira daga ɗakin mata, ta tafi kafaɗunta suna rawa. Na ja takunkumi har ƙarƙashin ido, na danna hular aiki har gira, na buɗe ƙofa.

Bencin jira ya cika da tsofaffi, kowa da tarinsa. Ka'ida ita ce in kira cikakken suna. Na buɗe baki da muryar makarantar Inna na ce, “Alhaji.”

Ba wanda ya ji. Na ƙara ƙarfi. “Alhaji!”

Rabin bencin ya miƙe, har da wani da na tabbata Agadas ce iyakar tafiyarsa.

“Alhaji baduku,” na ce. “Na Birni.”

Sauran suka zauna suna harara ta. Shi ya rage a tsaye, cikin farar riga da ta yi masa yawa a kafaɗa, ya rame fiye da hoton da ke wayar Nazir. A gefensa Gwaggo Zuliha ce cikin lafaya ruwan goro, humrarta ta cika baranda, a hannunta kwando da fulas ɗin kunu da gorar rubutu. Gwiwoyina suka fara lanƙwashewa da kansu za su durƙusa. Na wayance da gyara takalmi. Gwaggo ta dubi idona fiye da yadda ake duban idon anfirmiya.

“Hajiya, ke a nan za ki jira,” na ce, na rufe ƙofa. Ƙofar tamu ta falanki ce, kuma ba ta kai ƙasa ba.

Na zaunar da shi a gadon, idona a kan takalminsa, wanda da gani shi ya ɗinka abinsa.

“An ci wani abu yau?”

“Me kika ce?”

“An ci wani abu?”

“Yarinya, ɗaga murya. Ba a ba ku abinci ne a nan?”

A nan makarantar Inna ta tashi. Mutumin da bai ji bayani ba shi ne yake firgita a tsakiyar aiki, kuma ba zan bar haka ta faru ba don ina neman ɗansa. Na ɗago kai na koma muryata ta kullum. Ya ce tun jiya bayan isha ko ruwa bai sha ba, kamar yadda aka gaya masa. Na tambaye shi ko allurar cire haƙori ta taɓa ba shi matsala, ya ce a'a. Na ɗora shi a sikeli, don da nauyin mutum ake auna iyakar maganin da jikinsa zai ɗauka. Na maƙala masa abin auna iska a yatsa.

“Alhaji, ka saurare ni da kyau. Maganin yana da ɗaci. Za ka ji kamar maƙogwaronka ya kumbura, ba ya haɗiya. Bai kumbura ba, barci ya yi. In tiyon ya wuce ƙofar murya, magana ba za ta fito ba, amma iska tana shiga. In ka ji ba daɗi ka ɗaga hannu. Kada ka taɓa tiyon.”

Ya gyaɗa kai.

“Buɗe baki.”

Ina faɗa na tuna cewa kalmar nan tana cikin ukun da ya lissafa wa Gwaggo. Kwanta da tashi suna tafe.

“Fito da harshe.”

Na naɗe yatsuna da bandeji na kama harshen na jawo shi waje. Jama'a, akwai matan da suka tsufa a gidan miji ba su san launin idon surukinsu ba. Ni na san nawa yana da haƙorin Makka a can ciki ta hagu, goro kuma ya rina sauran. Na fesa maganin a ganda, na fesa a bayan harshe, na fesa can ƙurya. Ya yamutsa fuska.

“Ɗaci,” ya ce da na saki.

“Na faɗa ai.”

Na matsa masa wani maganin mai kauri a hancin dama, wanda ya fi buɗewa, na ce ya shaƙa. Muka jira. Jiran nan shi ne rabin aikin, masu gaggawa a nan suke ɓata shi. Da na taɓa ƙuryar bakin da ɗan katako bai yi yunƙurin amai ba, na san wurin ya kwanta. Na ce ya kwanta shi ma, ya kwanta.

Doktor Abdulaziz ya shigo, ya gaishe shi, ya yi bismilla ya zura tiyon. Ni ina tsaye a kansa da sirinji a bakin wata ƙaramar kafa da ke jikin tiyon, ta nan magani yake bi ya fita a can ƙarshe. A allo muka wuce hanci, muka gangara, sai ga ƙofar murya, farare biyu suna buɗewa suna rufewa.

“Alhaji, ce iii,” in ji Doktor.

“Iii.”

“Yanzu.”

Na tura maganin, na bi shi da iska don ya fita duka. Ya sauka daidai a kan ƙofar. Alhaji ya turnuƙe da tari, haka kowa yake yi. Na ce masa ya yi tarinsa, tarin ne yake watsa maganin. Muka jira, Doktor ya ce yanzu, na ƙara. Ina riƙe da lissafin abin da ya shiga a kaina, ina duban leɓensa da yatsunsa ko za su fara rawa.

“Kunnenka yana ƙara? Ka ji baki kamar ka tsotsi ƙarfe?”

Ya girgiza kai.

“Ja numfashi,” in ji Doktor, ya shige.

Duk bayanin da na yi, a nan ya zube. Alhaji ya buɗe baki zai yi magana, ba abin da ya fito. Idonsa ya firfito. Hannun da na ce ya ɗaga bai ɗaga shi sama ba, tiyon ya nufa. Abin auna iska ya fara kuka. In ya fizge tiyon nan daga inda yake zai ji wa kansa ciwo, kuma hannun baduku ba hannun wasa ba ne.

“Wasila, riƙe shi!” in ji Doktor, da ƙarfin da ko a bakin titi an ji.

Na cafke wuyan hannun. “Alhaji! Alhaji, tsaya!”

Ko gezau. Ya ɗago ɗaya hannun.

Akwai abin da aikin nan ya koya mini wanda ba a lakwal aka koya mana ba. Mutum in tsoro ya kama shi na gaske, ba ya amsa Alhaji, ba ya amsa Malam, ba ya amsa Hajiya. Waɗannan duk daga baya ya same su. Sunan da uwarsa take kiran sa da shi yana ƙarami kaɗai yake isa inda ya tafi. Na san haka, na yi wa tsofaffi da yawa. Na kuma san Gwaggo tana bayan falanki. Zuciyata ta ce, Wasila, aurenki. Bakina bai jira ta ba.

“Idirisu! Dube ni!”

Hannun ya tsaya a iska.

Na sunkuyo har fuskata ta rufe masa fitilar sama. “Dube ni nan. Iska tana shiga, ga ta ina gani. Ja a hankali. Saki. Idonka a kaina, kada ka ɗauke. Ja. Saki.”

Ya ja, ya saki. Kukan na'urar ya lafa. Yatsunsa suka juyo suka riƙe nawa, riƙo irin na yaron da aka kai kasuwa. A waje na ji kwando ya faɗi.

Muka ci gaba. Doktor ya ce yanzu, na tura a cikin bututun iska. Ya ce yanzu, na tura a inda hanya ta rabu biyu. Hagu lafiya lau, jajir, a buɗe. Da muka karkata dama sai Doktor ya tsayar da tiyon. Na ɗaga ido na dubi allon. Wani abu ne fari fari ya tsiro a bango ya toshe rabin hanya, tiyon yana taɓa shi ya fara jini. Na taɓa ganin irinsa, ba sau ɗaya ba. Wani lokaci sakamako yakan zo da sauƙi. Yawanci ba ya zuwa da shi.

“Kawo abin tsinka,” in ji Doktor a hankali.

Na miƙa da hannu ɗaya, ya tsinko ɗan guntu a jikin abin don a kai awo. Da na maido idona, na tarar da na Alhaji suna nan inda na ce su tsaya.

An gama, an zare tiyon, na ce ya tashi, ya tashi. Ina goge masa hanci Gwaggo ta turo ƙofa ba sallama. Kafin in juya ta tsiyaya rubutu a murfin fulas ta danƙa masa.

“Ungo, Yaya, na Malam ne. Jiƙa maƙoshi.”

Ya kai baki. Na karɓe kofin daga hannunsa.

“Ba zai sha ba.”

“Ke! Rubutu ne fa!”

“Ko Zamzam ne, Hajiya. Maƙogwaronsa barci yake. In ya sha yanzu huhu zai tafi, ba zai ma ji ba balle ya yi tari.” Na juya gare shi. “Kada ka sa komai a baki sai na ce.”

Gwaggo ta gyara lafaya, ta matso har humrarta ta ratsa takunkumina.

“Wasila na ji an kira. Ba dai 'yar gidan ɗan bokon nan Mushe Isma'ila ba?”

“Ni ce, Gwaggo, Abbana ne. Ina kwana.”

“Ke ce kika kama sunan nan? Gatsau, da rana tsaka?”

“Ni ce.”

Ta fara salati. Alhaji kuwa da ma muryar ba ta dawo ba. Ya dube ni kawai, ya dubi kofin da ke hannuna.

Ba zan yi muku ƙarya ba, guduwa na yi. Na ce wa Rahama in lokaci ya yi ta gwada shi da kurɓin ruwa, in bai ƙware ba ta sallame su. Na shige ɗakin wanke kaya na zauna a kan bokiti har sai da aka kira na gaba. Da aka tashi na bi ta ƙofar baya na hau kabu-kabu.

Labari ya riga ni gida. Na tarar da Inna zaune a ƙarƙashin rumfa a tsakiyar jarkoki, famfo ya kwana biyu bai ce komai ba, ta yi tagumi da hannu bibbiyu.

“Sunansa?” ta ce. “Ba ko Malam a gaba?”

“Babu, Inna.”

“An ce har harshensa kika kama.”

“Da bandeji.”

“Au, da bandeji. To ai da sauƙi.” Ta dubi sama. “Ni Ramatu, hijabin nan yadi nawa ya ci.”

Na shiga ɗaki na cire farar riga na kwanta rub da ciki. A nan kukan ya zo. Ina son Nazir, so na gaske, wanda ba na iya yi masa wasa ko a shafin nan. Na ga na rasa shi da bakina, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne, da za a maido ni ɗakin nan, sunan dai zan sake kira.

Wayata ta yi ta haske a kan filo, saƙon Nazir ne.

“Wasila me ya faru? Gwaggo ta kira ni tana salati, ban gane komai ba. Na baro Takieta.”

Na kife wayar. Can wani saƙon ya shigo.

“Na iso. Baba ya ƙi shan ruwa. Abokiyarki ta ba shi a likita ya ƙi, a gida an ba shi ya ƙi. Wai wadda ta hana ba ta ce ba tukuna.”

Na tashi zaune. Bazara ce, duwatsun garin nan har turiri suke, mutum tun jiya da isha, ga tsufa. Na kira shi.

“Nazir, maganin ya daɗe da sakin sa. Ka ce na ce ya sha.”

Na ji ya yi nisa da wayar, na ji ƙus ƙus, ya dawo.

“Ya ce ba da saƙo aka hana shi ba.”

“To ka ba shi wayar.”

Ƙus ƙus kuma. “Ya ce ba a waya aka hana shi ba. Wasila, yana sa hula. Wai mu fito.”

Bayan la'asar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Uban saurayi ba ya zuwa gidan budurwa da ƙafarsa, ƙanne yake turawa, don haka Abba ya fito da jallabiya a bai-bai. Nazir ya maƙale a jikin mota, ya ƙi shigowa. Aka shimfiɗa darduma a zaure. Can Abba ya leƙo.

“A kawo ruwa. Ya ce Wasila.”

Inna ta zuba mini hijabin ruwan toka tun daga kai, ta ɗebo na randa, wanda take ta tattali, a babban kofin silba. Ta kama kunnena ta cikin hijabin. “Ko uffan. Ki ajiye ki fito.”

Na shiga na durƙusa, wannan karon gwiwoyin sun sami abin da suke so. Na miƙa kofin da hannu biyu. Ya karɓa. Leɓensa sun bushe sun yi fari. Ya riƙe kofin a gaban ƙirji bai kai baki ba. Abba ya ce bismilla, Alhaji. Gwaggo ta ce sha mana, Yaya. Bai motsa ba, ni yake kallo. Ta gefen labule ina hango Inna ta ɗora yatsa a baki tana zare mini ido.

Na ɗago kai.

“Kurɓi kaɗan tukuna.”

Ya kurɓa. Na zuba wa maƙogwaronsa ido, ya hau ya sauka. Ba tari.

“Ce a.”

“A.” Ta fito a dishe, amma ba ruwa a cikinta.

“Sha, Baba.”

Ya kafa kai bai ɗago ba sai da ya ga gindin kofin. Ya yi hamdala, ya share gemu, ya juya wajen Abba.

“Mushe, tun da tsohuwarmu ta rasu ba wanda ya kira ni da sunan nan. Ɗazu na tafi wani wuri mai nisa. Na ji shi, na dawo.”

“Amma Yaya,” in ji Gwaggo, “kunya fa?”

“Da ta ji kunyata, Zuliha, da yanzu kina can kina yi mini fifita.” Ya yi tari, ya jira ya lafa. “Ranar Juma'a ƙannena za su zo da goro. A sa rana kusa. Kafin ruwa ya sauka.”

“Alhamdu lillahi,” in ji Abba. “Amma gaggawar me, Alhaji? Ko bayan kaka ai...”

“Kafin ruwa ya sauka.”

Inna ta manta da makarantarta ta rangaɗa guɗa daga bayan labule. Gwaggo ta tashi ta shiga wajenta, ban sani ba ko murna ko ƙorafi. Abba ya leƙa waje yana kiran Nazir ya shigo ya daina gadin mota. Na matsa zan ɗauki kofin. Alhaji bai sake shi ba.

“Ke kika ce in dube ki,” ya ce, yadda ni kaɗai zan ji. “Na dube ki. Har lokacin da kika dubi allon nan.”

Na rage murya ni ma. “Baba, sakamako bai fito ba. Sai an auna abin da aka tsinko. Doktor ne zai yi bayani, kuma akwai magani, ana...”

“Na sani. Zan je, zan yi abin da aka ce, in ke ce a kaina.” Ya dubi ƙofa. Ɗan fari ne Nazir, shi ma ba ya kama sunansa. “Yaron nan kada ya ji daga bakinki. Ni zan gaya masa, in na ga an shafa fatiha. Kin iya?”

Na dubi takalminsa. “To.”

Ya saki kofin.

Suna tafiya famfo ya yi tsaki ya kawo ruwa, gida ya hargitse, Inna tana tara jarkoki tana lissafa wa maƙwabta irin atamfar da za a fitar. Na zauna a bakin gado da hijabin a cinyata. Ina murna, wallahi ina murna, kuma ban taɓa jin nauyi a ƙirjina irin na yau ba. Saƙon Nazir ya shigo, zukata jajaye sun cika layi.

“Gimbiya, me kika yi wa Baba? A mota har murmushi ya yi. Amma ke kin gane dalilin saurin nan? Mutumin da ya shekara yana ja mana rai?”

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Daga ƙarshe na tura masa:

“Ka tabbata abu mai laushi ya ci yau, kada a ba shi mai zafi. In ya ga ɗan jini a tari kada ku tsorata, in ya yi yawa ka kira ni.”

“To, madam anfirmiya,” ya ce, da fuskar nan mai hawayen dariya.

Wayar tana hannuna har yanzu, ban ƙara masa komai ba. Alhaji ya so suruka wadda ta iya rufe baki. Ga shi ya samu.